Bindiga, ɗauri ko kube: yadda za a auna zafin abin da ke gudu cikin bututu

Wata Laraba ce cikin Afrilu, ana tsakiyar zafin nan na Garwa da ko kaza sai ta saki baki, wata Hajiya mai sana'ar yawur a Yalwa ta turo ɗanta a babur ya ɗauko ni daga shago. Na same ta tsaye a kan ɗan injin dafa madararta, rai a ɓace.

"Malam, injin nan ya cuce ni. Tun safe muke ƙara masa wuta ya ƙi wuce 46, ga madara har ta fara ƙauri."

Yaron ya ɗaga bindigar auna zafi, ya saita jan ɗigon a jikin bututun inoks mai ƙyalli, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ya juyo mini da ita. 46 ɗin ce kuwa. Na kai bayan hannuna jikin bututun, ban gama taɓawa ba na janye. Sai na yanko ɗan baƙin salatif na masu aikin lantarki na manna a wurin, muka jira kamar minti uku, na ce ya sake harbawa a kan salatif ɗin. Sai ga 84.

"Hajiya, injinki lafiyarsa ƙalau. Bindigar ce ta yi miki ƙarya, ita ma kuma ba da son ranta ba."

Ba ita kaɗai ba ce. Masu ɗakin sanyi na kifi, masu tatsar man gyaɗa, masu masaukin baƙi da suka ɗora tankin ruwan zafi mai aiki da rana a kan rufi, makanikan manyan janareto, duk tambayarsu ɗaya: yaya zan san zafin abin da ke cikin bututun nan ba tare da na yanka shi ba?

Tsohuwar hanya, wadda har gobe da ita ake gwada sauran, ita ce a huda bututu a cusa wani ɗan kube na ƙarfe mai toshe a ƙarshe, ma'aunin ya zauna cikinsa kamar wuƙa a kubenta, ruwa na wucewa ta jikinsa. Tana ba da gaskiya, amma da tsada. Sai an tsayar da aiki, an zubar da abin da ke ciki. In inoks ne sai an nemo mai walda da iskar argon, kuma ba kowace unguwa ke da shi ba. In bututun firji ne, kana hudawa gas ya tafi. Ga yoyo da kan biyo baya. Kuben ma kansa yana iya zama masifa inda gudun ya yi ƙarfi: a Disambar 1995, a tashar nukiliya ta Monju a Japan, kuben ma'aunin zafi ne ya karye saboda girgizar da gudun narkakken sodiyam ke sa shi yi, sodiyam ɗin ya zubo, wuta ta tashi, tashar ba ta sake aiki ba sai 2010. Mu nan ba mu da sodiyam, amma duk wanda ya taɓa bin yoyo a gindin kube ya san dalilin da ya sa ake gudunsa.

To kafin a yi maganar wace na'ura za a saya, akwai abin da ya kamata ya zauna a kai. In ka cire guda ɗaya da zan zo kanta, duk hanyoyin da ba sa huda bututu fatarsa suke aunawa, ba ruwan ciki ba. Zafin da ke tsakiyar ruwa sai ya ƙetare zuwa bangon ciki, ya ratsa kaurin bangon, sannan ya fita cikin iska. A kowane mataki yana raguwa. Tambayar kawai ita ce nawa ya ragu kafin ya iso inda ma'auninka yake.

Abin da aka ƙera bututun da shi ne ke fara yanke hukunci. A lissafin injiniyoyi na yadda abu ke wuce da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, baƙin ƙarfe wajen 50, inoks 15 zuwa 16. Koren robar nan ta PPR da ta cika sabbin gine-ginenmu tana wajen 0.24, PVC wajen 0.19. Iskar da ba ta motsi kuwa 0.026. Dubi tazarar: tsakanin jan ƙarfe da PPR ninki ya haura 1,500.

Ga yadda abin ke fitowa a aikace. A ce ruwa mai digiri 65 na gudu sosai, iskar ɗakin tana 35. In bututun ƙarfe ne na inci ɗaya, fatarsa ba za ta gaza ruwan da ko rabin digiri ba. In PPR ne mai milimita 32, irin na ruwan zafi mai kaurin bango milimita 5.4, lissafina yana ba ni ragin digiri 6 ko kusa da haka, kuma in fanka na kaɗawa a kansa ya fi haka. Ka lulluɓe wannan PPR ɗin da baƙin soso mai kaurin milimita 20, irin wanda masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke sa wa bututu, ragin ya sauko wajen digiri 2. Soson da bai kai kuɗin farantin shinkafa ba ya yi abin da na'urar dubu ɗari ba za ta yi ba.

Na biyu shi ne abin da ke gudu da yadda yake gudu. Ruwa mai gudu da ƙarfi yana cakuɗa kansa, na tsakiya ya zo gefe, na gefe ya koma tsakiya, bango ya ɗauki zafinsa sosai. Mai kauri irin man gyaɗa ko man auduga, in yana tafiya a hankali, shimfiɗe yake tafiya, na gefe ya huce ya manne wa bango ya zama masa bargo, na tsakiya ya wuce da zafinsa. Nan ko bututun ƙarfe ne kana iya rasa digiri 5 ko fiye. Iska da gas sun fi haka muni. In kuwa an rufe famfo ruwan na tsaye, abin da kake aunawa zafin ɗakin ne a hankali, ba na tanki ba.

Na uku namu ne na nan arewa. Kuskuren yana bin bambancin da ke tsakanin ruwan da iskar waje. Da rana a Afrilu iskar Garwa ko Kusiri kan haura 40, da asubar hunturu kuma Marwa da Njamena kan sauko wajen 15. Ke nan ragin da ka lissafa da azahar a bazara ba shi ne na asubar Janairu ba, yana iya ninkawa. Masu cewa "ai kullum ƙara biyar nake yi a kan abin da ya nuna" su lura da wannan. A bututun sanyi kuma abin juyawa yake yi, ma'auni ya nuna ya fi ainihi ɗumi. Rana kuwa ba a ma maganarta. Baƙin bututu a kan rufin kwano da tsakar rana fatarsa kan wuce 60 ko da ruwan ciki bai kai haka ba.

Bindiga

Ita ce kowa ke fara saya, don ta fi arha da sauƙi, kuma tun zamanin korona aka saba ganinta. Amma ta goshin nan ta 2020 daban ce: an yi ta ne don jikin mutum, a yanayinta na jiki daga wajen 32 zuwa 43 take karantawa. Ta masana'anta ake nufi a nan.

Ba ta taɓa komai. Hasken zafi da ido ba ya gani take karɓa daga fatar abu, ta mayar da shi lamba. Matsalar ita ce ba kowace fata ke fitar da wannan haske daidai ba. Yawancin bindigogi an saita su a kan 0.95, wato suna ɗauka abin da ke gabansu na fitar da kusan duk hasken da ya kamata. Fenti, tsatsa, roba da baƙin salatif duk suna kusa da haka. Jan ƙarfe mai ƙyalli kuwa bai kai 0.1 ba, inoks mai ƙyalli yana tsakanin 0.1 da 0.2. Su madubi ne. Ka harba a kansu, abin da ke dawo maka yawanci zafin bangon ɗaki ne da na jikinka kai mai harbin. Shi ne abin da ya faru da Hajiya. Maganinsa salatif ko ɗan baƙin fenti marar ƙyalli, a bar shi ya ɗau zafin bututun tukuna.

Jan ɗigon ma yana ruɗin mutane. Shi nuni ne kawai, ba shi ke aunawa ba. Bindigar da aka rubuta wa 12:1, in ka tsaya santimita 60 daga abu, da'ira mai faɗin santimita 5 take gani. Bututunka in faɗinsa santimita biyu da rabi ne, kusan rabin abin da ta karanta bangon baya ne. Matso har kusan ka taɓa. Ba ta gani ta cikin gilashi, ba ta gani ta cikin soso, kuma in ta wuni a akwatin babur cikin rana, a ba ta kamar minti 20 ta daidaita da ɗakin kafin a yarda da ita. Ko komai ya yi daidai, masu ƙera ta da kansu sukan rubuta kuskuren digiri ɗaya da rabi zuwa 2.

Da haka sai a ce ba ta da amfani? A'a, ni kullum tana aljihuna. Gwanintarta kwatance ne: shigar lagireto da fitarsa, wane layi ne ya toshe cikin huɗu, wane bawul ne ke barin tururi ya wuce, duk cikin daƙiƙa, daga nesa, ba tare da ƙuna ba. Makanikin janareto ba ya buƙatar fiye da haka a yawancin ranaku. Kyamarar zafi yayar bindiga ce, tana ba da hoto gaba ɗaya, amma madubin inoks yana ruɗarta kamar yadda yake ruɗar ƙanwarta.

Ɗauri

Nan ne nake so mai karatu ya daɗe, don a ganina kashi mafi yawa na aikinmu nan yake ƙarewa. Ka ɗauki kan ma'auni ka ɗaure shi a jikin bututu, ka lulluɓe. Iri uku ake samu.

Tamokoful nau'in K shi ne siririyar wayar nan mai ɗan ƙulli a baki da ke zuwa cikin kwalin mitar masu lantarki. Wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗa bakinsu, zafi ya sa su ba da ɗan lantarki, wajen maikrobolt 41 a kowane digiri. Wani masanin kimiyya mai suna Seebeck ne ya gano wannan tun 1821. Yana da saurin ji, yana jure zafin da ya haura 1,000, ba shi da tsada. Sai dai na gama-gari an yarda masa ya kauce da digiri 2.5 sama ko ƙasa, kuma ba a ƙara masa tsawo da wayar lantarki ta gida. In ka yi haka, wurin da ka haɗa ɗin ya zama wani ma'auni na biyu da ke ɓata na farko. Ga salansar janareto, layin tururi da tanda, shi ne.

Pt100 ɗan siririn filatinam ne da juriyarsa ga lantarki ke hawa da zafi: om 100 a digiri 0, om 138.5 a digiri 100. Shi ne mai gaskiyar cikinsu. Ajin B a digiri 72 kuskurensa bai wuce 0.66 ba, ajin A wajen 0.3. Tarkonsa waya. Kowane digiri om 0.385 ne kacal, don haka in doguwar wayarka ta ƙara om ɗaya, ta ƙara maka digiri 2.6 na ƙarya. Shi ya sa ake yin sa da waya uku ko huɗu. Na sha tarar da mai waya uku an murɗe biyu an haɗa wuri ɗaya an yar da amfaninsu, saboda wanda ya ɗaura bai san dalilin ta ukun ba.

Sai 'yan ƙananan nan, NTC da ke zuwa da akwatin sarrafa ɗakin sanyi, da DS18B20 da ɗaliban Jami'ar Marwa da ta Ngaundere ke son haɗawa da ɗan allon kwamfutar nan, Arduino. DS18B20 na asali kuskurensa rabin digiri ne tsakanin 10 ƙasa da sifiri da 85, iyakarsa kuma 125. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka a gwada kowane ɗaya. Wanda ke zuwa cikin ɗan gwangwanin inoks mai milimita 6 yana da wata illa: zagayayyen abu a kan zagayayyen abu, layi ɗaya siriri kawai suke haɗuwa, sauran jikinsa iska yake ji.

Amma gaskiyar magana, bambancin da ke tsakanin waɗannan uku bai kai bambancin da ke tsakanin ɗauri mai kyau da na ganganci ba. Ga yadda nake yi. Ina neman wurin da ke bayan famfon turawa ko bayan gwiwa, inda ruwa ya riga ya cakuɗu, nesa da bawul mai nauyi ko ƙarfen da ya riƙe bututu a bango, don suna janye zafi. In bututun kwance yake, a gefe nake ɗaurawa. Sama kan tara iska, ƙasa kan tara laka. In kankare fenti da tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito. In shafa ɗan farin man nan da masu gyaran kwamfuta ke sa wa ƙwaƙwalwarta, don ya kori iskar da ke tsakani. In matse da zoben ƙarfe mai noti, ba da salatif kaɗai ba, don zafi na sa shi saki cikin 'yan kwanaki. Robar tayar babur tana yi na wucin gadi a layin sanyi, a layin zafi kuma tsagewa take yi. Sannan in kwantar da wayar a jikin bututun kamar tsawon tafin hannu kafin in bar ta ta fita, don waya ma hanya ce da zafi ke bi ya gudu daga kan ma'aunin. Daga ƙarshe soso, aƙalla taƙi ɗaya kowane gefe, a rufe bakinsa. In a waje ne, a naɗe da takardar alminiyam mai ƙyalli ko a yi masa inuwa.

In an yi haka a kan jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, ruwa na gudu, Pt100 zai ba ka abin da bai kai digiri ɗaya nesa da gaskiya ba. Ga mai ɗakin sanyi babu ma wata shawara: layin tsotso, wato bututun da gas ke bi ya koma injin, na jan ƙarfe ne, ba a huda shi, bindiga kuma makauniya ce a kansa. Ɗauri ne kawai.

Mai masauki da aka yi wa aikin ruwa da PPR fa? Shi abin da ya dame shi ruwan tanki ya kai 60, don ƙwayar cutar Legionella tana son ruwa mai ɗumi-ɗumi tsakanin 20 da 45, kuma tankin rana a lokacin damina ko ƙurar hunturu can yake zama. Kada ya wahalar da kansa a kan robar. A bakin tanki kusan kullum akwai ɗan guntun ƙarfe ko mahaɗin tagulla kafin roba ta fara. Can za a ɗaura, a buɗe famfo ruwa ya yi gudu minti biyu, sannan a karanta. In babu, a sa guntun jan ƙarfe mai tsawon taƙi a layin. Yankan PPR da haɗa shi aikin rabin awa ne, ba irin na inoks ba.

Manyan kaya

Kamfanonin ƙasashen waje sun ga wannan matsala ta ragi, suka ƙera na'urorin da ke lissafa shi da kansu. ABB na da TSP341-N, Emerson na da Rosemount X-well. Dabarar kusan ɗaya ce: ma'auni ɗaya a fatar bututu, wani a baya yana jin yanayin waje, na'urar ta gano yawan zafin da ke fita, ta mayar da abin da ya ɓace. Ta Emerson sai ka faɗa mata irin ƙarfen da faɗin bututun da kaurinsa. Suna aika sakamako ta layin miliamp 4 zuwa 20 zuwa ɗakin kula. Inda suka fi ɗaurin da muke yi da hannu shi ne canjin yanayi ba ya rikita su sosai, azahar da asuba kusan ɗaya.

An yi su ne don wurare irin masana'antun man auduga na SODECOTON a Garwa da Marwa, ko matatar mai ta Jarmaya kusa da Njamena da ta fara aiki a 2011, ko tashoshin tura ɗanyen mai na bututun Doba zuwa Kribi mai kilomita 1,070 da aka buɗe a 2003. A irin waɗannan wurare tsayar da layi na awa ɗaya ya fi kuɗin na'urar, walda kuma kusa da mai sai da takardun izini. Ga mai ƙaramar sana'a ban ga dalili ba. Su ma ƙarfe suke so, su ma ruwa mai gudu suke so, su ma sai an lulluɓe. Kan PPR ko man da ke rarrafe ba za su yi maka sihiri ba. In kuma ta lalace, sai ka jira kaya daga Duwala ko daga Turai.

Saura wadda na ce ita kaɗai ke leƙa ciki: sautin da kunne ba ya ji, irin wanda ake duba cikin mai juna biyu da shi a asibiti. Ana manna kai biyu a wajen bututu, sauti ya ratsa ruwan, a auna lokacin da ya ɗauka. Yawanci don auna yawan ruwan da ke wucewa ake sayen na'urar, amma tana nuna gudun sauti, shi kuma yana bin zafi. A ruwa tsantsa mai digiri 20 sauti na tafiyar mita 1,482 a daƙiƙa, kowane ƙarin digiri ya ƙara kamar mita 3. Abu ya yi kyau, har sai ka ji sauran. Gudun yana hawa ne har wajen mita 1,555 a digiri 74, daga nan ya fara sauka. Kusa da 74 canjin kusan babu, kuma digiri 60 da digiri 90 kusan gudu ɗaya suke bayarwa. Wato daidai inda mai madara da mai ruwan zafi ke buƙatarta, nan ta makance. Ƙara da cewa sukari, gishiri ko kumfa duk suna canja gudun, kuma ɓawon da ruwan burtsatse ke tarawa a cikin bututu yana rage faɗin da aka yi lissafi da shi. In kana da ita don wani aiki, ka riƙa duba lambar a layin ruwan sanyi. Saye don zafi kaɗai asara ce.

Akwai kuma 'yan takardun mannawa masu canja launi in zafi ya kai wata lamba. Fata su ma suke ji. Amfaninsu ɗaya, sheda: ka dawo da safe ka ga ko layin ya taɓa wuce iyaka cikin dare.

Inda ba na yarda da kowace cikinsu

Madara. Ƙa'idar kashe ƙwayoyin cuta ita ce digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15. Wani zai ce ai ɗauri a layin zafi ƙasa da gaskiya yake nunawa, in ya ce 72 to ciki ya kai ko ya wuce, ke nan babu haɗari. Haka ne muddin komai na tafiya daidai. Amma a ce wutar lantarki ta yi ƙasa, ko tukunyar gas ta kusa ƙarewa, madara mai digiri 65 ta fara wucewa. Bangon inoks da soson da ka lulluɓa da hannunka suna riƙe da tsohon zafi, ma'aunin na ci gaba da cewa 72 na wani lokaci. Aikin gaba ɗaya daƙiƙa 15 ne. Kafin lambar ta sauko, madarar ta shiga tanki, gobe tana hannun yara a ƙofar makaranta. Lulluɓin da ya gyara maka kuskuren lamba bai gyara maka jinkiri ba. Nan sai ma'auni ya shiga ciki. Haka iskar zafi ta injin busar da hatsi, haka bututun da ba ya cika. Mai tatsar man gyaɗa kuwa sauƙi ya zo masa: ya tsoma ma'auni a inda man ke zubowa cikin daro, ya huta da bututun.

Kowace ka zaɓa, gwada ta kafin ka ɗaura. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, juya, tsoma kan ma'aunin: 0 ya kamata ya nuna. Sannan tafasasshen ruwa. A Garwa da Njamena yana tafasa wajen 99. A Ngaundere, da ke kan tudu mai tsayin mita 1,100 ko kusa, wajen 96 yake tafasa, kada wani ya mayar wa mai shago lafiyayyen ma'auni don bai ga 100 ba.

A wurin Hajiya ba mu kira mai walda ba. Layinta na da mahaɗi mai zoben matsewa a fitar injin, sai muka kwance shi muka sa guntu mai baki uku, Pt100 ajin A ya shiga ta na ukun, kansa a tsakiyar madara, kuma ana cire shi a wanke kullum. A layin hucewa, inda take son ganin 43 kafin ta zuba irin yawur, ɗauri muka yi da soso, don can digiri ɗaya ba ya cutar da kowa. Bindigar ma ba mu yar ba. Na manna salatif a wuri huɗu, na sa wa kowanne lamba da alƙalami, na ce wa yaron nan kaɗai zai riƙa harbi.

Don son sani na bar wani ɗauri kusa da na cikin, ba soso, na ce ya riƙa rubuta su biyun a bayan littafin bashi. A Afrilu da Mayu bambancinsu bai cika wuce digiri ɗaya da rabi ba. Cikin Janairu ya kira ni da sassafe.

"Baba, na wajen nan ya lalace fa, yau har uku ya rage."

Na tambaye shi ko tagar da ke kusa da injin a buɗe take. Ya ce tun asuba.